Asibitin gashin ƙashi da bai manta da ciwon sugana ba

Katako ne ya faɗo mini a ƙafa a wurin aiki, ƙashin idon sawu ya tsage, fata ta yage. Kamfanin inshora ya tura ni wannan asibitin gashin ƙashi, kuma abin da ya fara burge ni shi ne tambayar farko da ma'aikaciyar ta yi: ina da ciwon suga ko hawan jini? Ina da duka biyun.

Nan take ta sa aka yi mini gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata 3. Ta bayyana mini cewa suga idan ya yi yawa, jini ba ya kaiwa ƙafa yadda ya kamata, jijiyoyi na dushewa, rauni ya ƙi warkewa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Kowane zuwa sai ta cire mini safa ta duba tsakanin yatsu kafin a fara motsa ƙafar. Ta kuma hana ni ibuprofen, saboda yana iya ɗaga hawan jini ya taɓa ƙoda.

Inda suka gaza kuwa, takardu. Rahotonsu ya yi jinkiri, mai inshora ya fara cewa tsohon ciwona ne ya ja jinyar, ba raunin aiki ba. Gaskiya jinyar irinmu ta fi tsada: binciken NCCI, wata cibiya mai tattara bayanan inshorar raunin ma'aikata a Amurka, a 2012 ya gano kuɗin magani kan kusan ninka idan akwai wani ciwon a gefe. Amma ai ba suga ne ya jefo katakon ba.

Mai irin lalurata, ka je, amma ka matsa musu kan rahoton tun makon farko.