Gidan marayu ko riƙo: wanne hukuma ta fi iya sa wa ido?

Idan yaro ya rasa mai kula da shi, hukuma kan kai shi gidan marayu, ko ta damƙa shi ga dangi ko wani iyali su riƙe shi.

Gidan marayu ya fi sauƙin bincike. Jami'i zai shiga, ya ƙirga gadaje, ya buɗe rajista, ya leƙa kicin. Sai dai masu renon karɓa-karɓa suke yi. Wadda ta goya jariri da safe ba ita za ta lallashe shi da dare ba, shi kuwa fuska ɗaya yake nema. Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 suka ce 'yan ƙasa da shekara 3 a cikin iyali ya kamata a rene su.

A ganina riƙo ya fi, amma bibiyarsa akwai wuya. Yara sun warwatsu gida-gida, ƙofa a rufe. In jami'in jin daɗin jama'a bai riƙa zuwa ba-zata yana keɓewa da yaron ya ji ta bakinsa ba, ɗan riƙo na iya komawa ɗan aike, ba wanda ya sani.