Wata takwas da sabuwar tandar ƙona samfuri

Da tsohuwar tandarmu ta mutu, aka sayo mana wannan 'yar ƙarama, ƙirar Sin, daga hannun wani dillalin kayan gwaji. Aikinta guda ne a ɗakin gwajinmu: ƙona abin da ya rage bayan an busar da samfurin ruwa. Galibi ruwan majemun Challawa da Sharada ake kawo mana, sai dagwalon kashin shanu daga masu harhaɗa gas ɗin girki.

Ga wanda bai san aikin ba, ana busar da samfuri a digiri 103 zuwa 105 har nauyinsa ya daina sauka, a auna, sannan a kai shi tanda a digiri 550. Abin da wuta ta cinye shi muke kira VS, kuma shi ke nuna kimanin yawan abin da zai iya ruɓewa a cikin ruwan. Saura toka ce. Masu gas wannan lambar kawai suke tambaya, don ita ce abincin ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cikin tankinsu.

Wajen ɗaukar zafi ba ni da ƙorafi. Kafin in gama wanke kasake ta kai inda aka saita ta, kuma ƙaramin janaretanmu yana ɗaukarta idan nefa ta ɗauke. Ƙofar na rufuwa gam.

Inda ta ba ni kunya shi ne allon da ke nuna zafi. Satin farko na saka takardun tacewa a kan faifan gorar ruwa, na saita 550, na tafi sallar azahar. Da na dawo, faifai biyu na can ƙurya sun lotse kamar an taka gwangwani. Gorar ruwa ba ta narkewa sai wajen digiri 660, allon kuwa yana nan a 550 abinsa. Na aro ma'aunin zafi na daban, na zura ta ramin baya, sai ga shi ƙuryar ta fi bakin ƙofa zafi nesa ba kusa ba, musamman a rabin awan farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ruwan majema, da yake cike yake da farar ƙasa: zafi in ya yi yawa ita ma sai ta fara tashi, lambar ta kumbura, a ɗauka datti ne mai ruɓewa.

Yanzu sai na bar ta ta huce fushinta tukuna, na jera kasaken tangaran a tsakiya, shida kacal, ƙuryar kuma na bar wa aljanu. Tun daga nan, in na raba samfuri ɗaya gida biyu sakamakon yana zuwa kusa da juna.

Ba ta da bututun hayaƙin kirki. Ranar da na ƙona kashin shanu na awa guda, oga ya leƙo yana toshe hanci: "Malam, babbaka kake yi mana a nan?" Washegari muka matsar da ita gindin taga. Taga kuwa lokacin hunturu ƙura take kawowa, ga ma'aunin nauyinmu yana karanta har kashi ɗaya cikin goma na miligiram, dole kasko ya fito ya wuce kai tsaye cikin desikata, wato mazubi mai murfi da ke hana danshi da ƙura shiga.

Wanda zai saya, ya haɗa da kuɗin ma'aunin zafi na daban a lissafinsa, da dogon awartaki, don wanda ya zo a kwalin gajere ne, ya riga ya babbake min gashin hannu.