Na ɗauko mai gyara ya kulle min wayifai na gida: abin da na gani bayan wata biyu

Datar da nake saya ta wata guda ta koma tana ƙarewa a kwana 12. Mu shida ne a gidana a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi, kuma babu abin da ya ƙaru a amfaninmu. Yarana na fara zargi, har na yi musu faɗan da daga baya ya dame ni, domin ba su da laifi. Sai wani dare ina dawowa daga sallar Isha'i na tarar da samari uku a dakalin ƙofar gidana, sun jingina da katanga, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Nan jikina ya ba ni.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani matashi mai shagon gyaran waya da kwamfuta a wajen Wunti. Muka yi ciniki a kan naira 5,000 da kuɗin Keke. Ya zo ranar Asabar da hantsi, aikin ya ɗauke shi kamar awa ɗaya da rabi.

Da zuwansa ya juya rautar, wato na'urar da ke watsa wayifai a gidan, ya karanta lambobin da ke manne a bayanta, ya rubuta su a burauzar wayarsa. Shafin saitin ya nemi suna da kalmar sirri, ya sa "admin" a duka biyun, shafi ya buɗe. Ya nuna min jerin na'urorin da ke kan layina: 19. Namu na gida, har da talabijin, takwas ne kacal.

"Baba, ai kalmar sirri biyu ce a nan," in ji shi. "Wadda kuke ba mutane daban, ta ɗakin saiti daban. Ta biyun tun daga kamfani ba a taɓa ta ba."

Wannan ya fi satar data tayar min da hankali. Duk wanda ya shiga wannan shafin zai ga sabuwar kalmar sirrin wayifai ko sau nawa na canza ta, kuma zai iya karkatar da masu gidan zuwa shafin banki na bogi ba tare da sun lura ba. Matata kuwa da wayarta take karɓar kuɗin atamfofin da take sayarwa. Ta irin wannan kafar ce muguwar manhajar nan Mirai ta mamaye dubban kyamarori da rautoci a 2016, da jerin sunaye da kalmomin sirri na kamfani kusan 60 kawai.

Daga nan mai gyaran ya kashe WPS, wato hanyar haɗa waya da rauta ta danna maɓalli ko sa lamba takwas. Ya yi min bayani, na kuma bincika daga baya na ga gaskiyarsa: a 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba rabin farko na lambar daban da rabi na biyu, ga shi lambar ƙarshe lissafo ta ake yi daga sauran. Saboda haka gwaji kusan 11,000 ya isa a fasa, aikin 'yan awoyi. A tawa rautar a kunne yake tun ranar da na saye ta.

Kalmar sirrin wayifai ɗin kuwa lambar wayata ce, wadda rabin unguwa ke da ita. Ya sa na zaɓi kalmomin Hausa huɗu da ba su da alaƙa da juna, na haɗa da lambobi, ta wuce harafi 20. Rauta tana karɓa har 63. Ya kuma nuna min cewa wayoyin Android na yanzu suna fitar da lambar QR da wani zai ɗauka da kyamara ya hau layi, ko bai san kalmar ba. Yaro ɗaya ya nuna wa abokinsa, zance ya ƙare.

Abin da na fi yaba masa shi ne yadda ya fahimci damuwata game da maƙwabta. Akwai ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) biyu da ke haya a jikin gidana, yara masu ladabi, wani lokaci aikin makaranta ke kawo su. Da wane ido zan ce musu a'a? Maƙwabci yana da haƙƙi. Sai ya buɗe layin baƙi: suna daban, kalmar sirri daban, ya rage masa gudu, kuma wanda ke kansa ba ya iya kaiwa ga shafin saiti ko wayoyinmu. Kalmar sirrin layin baƙin nake ba ɗaliban, ina canza ta duk farkon wata. Ba kowace rauta ke da wannan ba, don haka mai shirin saye ya tambaya kafin ya biya.

Na ce ya ɓoye sunan layin, ya ce ɓata lokaci ne, mai kutse yana gano shi cikin minti kaɗan. Da ya so, da ya yi ya ƙara min kuɗi. Ya sabunta manhajar rautar, ya kashe damar shiga saiti daga waje.

Inda ya gaza guda biyu ne. Ya ɗora tsaron a kan WPA3, wato tsarin kulle wayifai da ya fito a 2018 kuma ya fi WPA2 na 2004 ƙarfi, amma ya tafi bai gwada dukkan na'urorin gidan ba. Da dare talabijin da tsohuwar wayar matata suka ƙi hawa. Na kira shi, ya ce gobe, bai zo ba sai bayan kwana biyu, alhali gyaran na minti biyar ne: ya mayar da shi kan saitin da ke karɓar duka biyun. Kwana biyu matata tana sayen data a waya don amsa masu ciniki.

Na biyu, na ga ya ajiye kalmar sirrin shafin saiti a wayarsa, wai don ko za a sake nemansa. Ban zarge shi da mugun nufi ba, amma ban yarda ba. Na ce, "Ɗana, goge ta a gabana, ka nuna min yadda zan canza da kaina." Ya goge ba musu, ya nuna min, bayan ya fita na canza. Duk wanda zai kira mai irin wannan aiki ya yi haka.

Wata biyu ke nan datar tana kai mu ƙarshen wata, har da 'yar saura. Duk Juma'a bayan masallaci nakan buɗe shafin in duba jerin. A makon jiya na ga tara a layin gida maimakon takwas, na bi ɗaki ɗaki ina tambaya, ashe wayar surukata ce da ta zo daga Azare, jikarta ta haɗa mata. Na mayar da ita kan layin baƙi.