Sharhi: Zaman koyon liƙa fallen zinari a Kanazawa

Duk wanda zai leƙa Japan na ɗan lokaci, Tokyo da Kyoto ake nuna masa, daga nan sai gida. Ni kuwa ina ganin ya kamata ya ware yini guda ya hau jirgin ƙasan Shinkansen zuwa Kanazawa, babban birnin jihar Ishikawa da ke gaɓar Tekun Japan. Tun da aka buɗe layin a watan Maris na 2015, tafiyar daga Tokyo kusan awa biyu da rabi ce. Ba a yi wa garin ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu ba, shi ya sa tsofaffin unguwanninsa suke nan tsaye da gidajensu na katako. A ɗaya daga cikinsu, Higashi Chaya, wadda aka kafa a 1820, na biya kuɗi na zauna koyon liƙa fallen zinari a wani shago, kuma a kan wannan zaman nake magana.

Kusan duk fallen zinarin da ake bugawa a Japan, wanda ake lulluɓe wuraren ibada da kayan ado da shi, daga wannan gari yake fitowa. Sana'ar ta daɗe: tun a 1593 akwai umarnin Maeda Toshiie, wanda zuriyarsa ta mulki yankin har ƙarni na 19, cewa a buga masa fallayen zinari da na azurfa. Yanayin garin ma ya taimaka. Ruwan sama ba ya yankewa, iskar kullum a jiƙe take, kuma danshin ne ke hana fallen mannewa a hannu ko a takarda. Saboda haka kada ka bar laima a masauki.

Na kama wuri ta intanet ba tare da wata wahala ba, farashin kuma ya dogara da abin da ka zaɓa ka liƙa wa zinarin. An jera mana sandunan cin abinci, ƙaramin faranti, madubin hannu da wani baƙin akwati mai sheƙi. Akwatin na ɗauka. Musulmi ya san an hana mu ci da sha a ƙwaryar zinari da azurfa, kuma ban ga dalilin sayen abin da zan riƙa kokwanto a kansa ba. Ba wanda ya tambaye ni dalili.

Wata dattijuwa ce ta koyar da mu. Da farko ka manna takarda mai zanen da kake so a murfin, ka shafa gam siriri, ka jira ya fara danƙo. Sai ta rage iskar ɗakin, ta ɗauko fallen da matsefin gora, ta yi mana nuni da mu riƙe numfashi. Kaurinsa kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ne. Ta ɗora wani ɗan guntu a bayan hannuna ta ce in murza; ina murzawa ya ɓace cikin fata, ko ƙura bai bari ba. Da nawa fallen ya naɗe a gefe guda, ba ta taɓa shi da hannu ba, sunkuyawa ta yi ta hura masa iska kaɗan a tsakiya, ya miƙe ya kwanta. Daga nan aka danna da auduga, aka share da burushi mai taushi, aka ɓare takardar, zanen ya fito tas. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta bi teburin tana tattara ɓurɓushin cikin wani ƙaramin kwano, har wanda ya maƙale a gashin burushi. Ba don rowa ba ne, ta san wahalar da aka sha kafin fallen ya iso teburin.

A nan ne kuma ƙorafina yake: mu ba a nuna mana wannan wahalar ba. Zaman bai cika awa guda ba, kuma liƙawa ita ce mafi sauƙi a duk sana'ar. Ainihin aikin yana wajen bugu. Ana narka zinarin da ɗan azurfa da tagulla, a miƙar da shi, a jera shi falle-falle tsakanin takardu a yi ta duka har ya kai wannan siranta. A tsohuwar hanyar da suke kira entsuke, takardar kanta da hannu ake yin ta, a jiƙa ta da ruwan tokar kara, ruwan ɗanyen 'ya'yan wani itace da suke kira kaki (persimmon) da farin ƙwai, a shafe watanni ana gyara ta kafin ta karɓi zinari. Wannan fasaha tana cikin sana'o'in ginin katako na Japan da UNESCO ta sa a jerin al'adun gado a 2020, masu iya ta kuma suna ta raguwa. Ko minti goma da an ba mu a kan haka, da zaman ya cika. Maimakon haka, ƙofar fita ta bi da mu ta cikin kantin kayan kwalliya, a waje kuma layi ne na masu sayen askirim da aka lulluɓe da zinari don ɗaukar hoto. Zinarin ba shi da ɗanɗano ko kaɗan, kuma ban ji daɗin ganin aikin watanni yana narkewa a kan harshe ba. Turancin malamar ma kaɗan ne, da wayar hannu take fassara tambayoyinmu, amma wannan bai dame ni ba, don hannunta ya fi bakin bayani.

Maganin giɓin yana kusa. Gidan tarihin zinari na Yasue 'yan taku ne daga unguwar, a can ake ganin guduma, takardun bugu da matakan aikin ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da shi kafin ka je shagon, za ka riƙe matsefin da wata irin nutsuwa daban.

Sauran yinin ya ishe ka lambun Kenrokuen, wanda aka buɗe wa jama'a a 1874. Da sassafe shiga kyauta ne, kuma daga farkon Nuwamba ake ɗaure rassan itatuwa da igiyoyi daga kan doguwar sanda don kada nauyin dusar ƙanƙara ya karya su. Abincin rana kuwa sai kasuwar Omicho, mai ci tun 1721, inda kifi da kaguwa suke da sauƙin samu. Sai dai ka yi tambaya kafin ka ci duk abin da aka dafa da romo, domin girkinsu ba ya rabuwa da mirin da sake, kuma dukansu giya ce ta shinkafa; har jibuni, farfesun agwagwar da garin ke alfahari da shi, yawanci da su ake yin sa. Gasasshen kifi da gishiri da farar shinkafa sun wadatar da ni. Akwai ƙaramin masallaci a gefen gari, wajen jami'a, amma da nisa daga Higashi Chaya, don haka ka duba lokacin bas idan kana son samun jam'i.