Hattara da mai "haɗin kashe infekshan" na WhatsApp

Jama'a wallahi na so in yi shiru amma abin ya ƙi barin raina. Akwai wani da ke yawo a Facebook da TikTok da farar riga wai shi likita ne, yana tallan wani haɗi da ya ce yana kashe kowane irin infekshan cikin kwana uku, sanyi ne, zafin fitsari ne, taifot ne, har da mura wai. Kana yi masa magana zai ce ka same shi a WhatsApp, ka tura kuɗi ya aiko.

Ƙanwar matata ta saya. Abin da ya zo kafso ne kala-kala a ƙulle a leda, ba kwali ba ranar lalacewa ba takarda. Bai tambaye ta ko tana da ciki ba, bai tambayi ko akwai maganin da jikinta ba ya karɓa ba. Ta sha da daddare, ko awa ɗaya ba a yi ba leɓe ya kumbura, jiki duk borin jini, numfashi na sarƙewa, a guje muka yi asibiti. Da aka duba ledar ashe ɗaya daga ciki amoksisilin ne, wato antibayotik, maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, ita kuwa tun tana yarinya fenisilin ke tayar mata da wannan, kuma dangi ɗaya ne.

To ita Allah ya rufa asiri, sauran masu sha fa? Ga misalin wasu antibayotik ɗin: tetrasaikilin ba a ba mai ciki ko yaro ƙasa da shekara 8, yana ɓata haƙora. Jentamaisin kan taɓa ƙoda da ji. Mura kuma bairos ne ke kawo ta, antibayotik ba ruwansa da ita, asara kawai. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na jabu mai ƙarancin sinadari, ba ya kashe ƙwayar cutar sai dai ya koya mata taurin kai, gobe a ba ka na gaske ya ƙi ci. A 2019 kaɗai wannan bijirewar da ƙwayoyin cuta ke yi wa magani ta kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya.

Da muka yi wa mai tallan magana cewa ya yi wai cutar ce ke fita, a ci gaba da sha! Daga nan ya yi bulokin ɗinmu, jiya na gan shi da sabon shafi da sabon suna, farar rigar dai ita ce.

In kin riga kin saya don Allah kar ki sha, ɗauki ledar yadda take ki kai wa likita ko mai harhaɗa magani, a yi miki gwaji tukuna.