Kafin ka sayi kayan gano yoyon mai a gidan manka

Tankin da aka binne a ƙasa ba ya sanar da kowa ranar da ya fara yoyo. Sau da yawa maƙwabci ne ke fara jin warin fetur a ruwan rijiyarsa, kuma kafin nan man ya daɗe yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Sinadarin da ya fi tayar da hankali a cikin fetur shi ne benzin, wanda ke haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a mikirogiram 10 cikin kowace lita. A Ogale ta ƙasar Ogoni, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu benzin ya ninka wannan iyaka fiye da sau 900, ga tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan da jama'a ke sha. Can bututu ne ya jawo, amma man tanki ma haka yake yi.

Hanya mafi araha ta gano yoyo ita ce sandar awo da littafi. A auna tanki kullum, a kwatanta da abin da tanka ta sauke da abin da famfo ya sayar. Ba a raina ta, sai dai zafin rana na kumbura fetur, ma'aikaci na iya kuskuren karatu, ƙaramin yoyo kuwa yana ɓacewa cikin waɗannan bambance-bambance.

Na'urar awo ta cikin tanki, irin ta kamfanin Veeder-Root, ta fi ido kaifi. Dokar Amurka ta ce dole irinta ta iya gano yoyon galan 0.2 a awa, wato kusan kashi uku cikin huɗu na lita. Ka lissafa da kanka: yoyon da ya kai haka ya haura lita 500 a wata. Tana da tsada, tana son wutar da ba ta yankewa, kuma tankin ya kamata ya huta ba a sayarwa yayin gwaji. Tambayi mai sayarwa wa zai gyara ta idan ta lalace, kuma ko tana duba bututun da ke kai mai zuwa famfo, domin yoyo da yawa daga mahaɗar bututu yake fitowa.

Wanda zai binne sabon tanki, shawarata ya sayi mai bango biyu, da na'ura a tsakanin bangon. Ita kaɗai ce hanyar da ke kama mai tun bai taɓa ƙasa ba, shi ya sa Amurka ta wajabta ta ga sababbin tankuna tun 2016.

Sai rijiyoyin sa ido, kuma a nan ne ake yawan ɓarnar kuɗi. Rijiyar sa ido siririn bututun roba ne mai tsaga-tsaga da ake kafawa kusa da tanki. Ba ta hana komai, tana faɗa maka ne cewa mai ya riga ya isa ruwa. Amfaninta ya dogara da zurfin ruwan wurin: a Amurka ba a yarda a dogara da ita wajen gano yoyo sai ruwan bai wuce ƙafa 20 ba, kusan mita 6. A unguwannin da mutane ke jan ruwa da guga daga rijiya mai kusa, dole ce a ganina. Inda ruwa ya yi nisa sosai, gara na'urar da ke shinshinar tururin mai a cikin ƙasa.

Rijiya ɗaya ba ta isa ba. Sai da uku aƙalla ake gane inda ruwan ƙasa ya nufa, a tabbata akwai wadda ke tsakanin tankinka da gidajen da ke gangare. Kada ka bar mai haƙa burtsatse ya yi maka ita yadda ya saba, tsagar can ƙasa. Fetur a saman ruwa yake zama, don haka tsagar ta ratsa matakin ruwan, ta bar wuri sama da ƙasa saboda hawan damina da saukar rani. Bakinta a liƙe da siminti, da murfi mai kulle, kada man da ya zube a filin ya bi ta ciki.

Ɗan gugan roba mai haske da ake zurawa cikin rijiyar yana nuna man da ke yawo a sama, amma benzin da ya narke ba a ganinsa. Wannan sai ɗakin gwaji. A cika kwalbar gilashi ba kumfar iska, a sa ta cikin ƙanƙara, a kai da wuri, a gwada da damina a kuma gwada da rani. Kafin ka biya kowa, ka je ofishin NMDPRA na jiharku, hukumar da ke kula da gidajen mai, wadda ta gaji tsohuwar hukumar DPR tun dokar man fetur ta 2021, ka ji abin da suke buƙata a rubuce.