Manhajar tsara lokacin kallo ta ƙirga lokacin malami, ta bar nawa

Na sauke wannan manhaja ne ana saura kwana shida in zauna jarrabawar wani kwas na ƙididdiga da nake yi ta intanet, alhali bidiyon darussa 36 suna jirana, jimillar tsawonsu awa 18, kuma lokacin da nake iya warewa bayan tashi daga aiki bai wuce awa biyu a kowane dare ba. Aikinta shi ne a ba ta jerin bidiyo da saurin da ake son kallonsu, ita kuma ta faɗi tsawon lokacin da za a ɗauka, ta rarraba shi a kan ranakun da suka rage.

A daren farko ta burge ni ƙwarai, domin ta gyara mini wani kuskure da na daɗe ina ɗauke da shi. A zatona, idan aka ƙara rabi a kan sauri, to an rage rabin lokaci ke nan, don haka na sa rai awa 18 za ta koma 9 a saurin 1.5. Sai ga shi ta rubuta awa 12. Na ɗauki biro na raba 18 da 1.5, na ga ita ce da gaskiya: kashi ɗaya cikin uku kawai ake ragewa, kuma sai an kai saurin 2 sannan lokaci yake rabuwa gida biyu. Ta kuma nuna mini cewa ribar raguwa take yi, domin bidiyon awa guda yana komawa minti 40 a saurin 1.5, amma daga nan zuwa saurin 2 minti goma kacal ake ƙara samu. Awa 12 a dare shida ta yi daidai da abin da nake da shi, har na ba manhajar taurari biyar tun kafin in kalli darasi ko ɗaya.

Dare biyu na farko sun tafi yadda ta tsara, saboda darussan gabatarwa ne, malamin kuma yana maimaita abin da na riga na sani. Muryarsa ba ta sirance ba, tunda manhajojin kallo na yanzu suna matse lokaci ne su bar amon murya yadda yake, sai dai kalmomin suna bin juna kamar ana korarsu.

A dare na uku ne komai ya kwaɓe. Darasin na minti 40 ne, manhajar ta ware masa minti 26 da daƙiƙa 40, ni kuwa sai da na shafe minti 70 a kansa. Malamin yana rubuta lissafi a allo yana bayani, kuma ɗan shirun da yake yi bayan kowane layi, wanda a cikinsa ne ɗalibi yake kwafa ya kuma yi tunani, shi ma saurin ya matse shi. Kafin in gama rubuta layi na biyu ya goge na farko. Na tsayar, na koma baya da daƙiƙa goma, na sake komawa, har yatsana ya gaji da taɓa gefen fuskar wayar, daga ƙarshe na mayar da bidiyon saurinsa na asali na fara daga farko. Duk wannan bai shiga lissafin manhajar ba, domin ba ta da gurbin da mutum zai sa lokacin tsayawa ko na rubutu ko na maimaici. Da na nemi in sa wa wannan darasin kaɗai saurin 1, sai ta sauya wa dukkan jerin, ta rushe jadawalin, ta kuma share alamun darussan da na riga na gama, na koma ina sa su ɗaya bayan ɗaya da tsakar dare.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shawarar da ta bayar washegari. Ta ga saura bidiyon awa 10 da dare uku, sai ta aiko da sanarwa cewa idan na koma saurin 1.75 zan gama cikin awa 5 da minti 43. Lissafin daidai ne, na sake gwadawa da biro, amma darussan da suka rage su ne mafiya wuya, kuma dalilin da ya sa na makara tun farko shi ne saurin ya fi ƙarfina. Laifina ne da na bi ta, wannan na yarda. Na gama a daren ƙarshe kamar yadda ta yi alkawari, ta cika fuskar wayar da koren launi tana taya ni murna, amma da na buɗe littafin rubutuna, darussa takwas na ƙarshe ba su cika shafi biyu ba, kuma tambayoyi biyu da suka fito daga cikinsu a jarrabawar haka na bar su babu amsa.

Na rage taurarin zuwa biyu a ranar, sannan na mayar da su uku bayan da na huce, domin ba ta taɓa kuskuren lissafi ba, kuma ga hira ko laccar da sauraro kawai ake yi tana da amfani sosai. Sai dai duk lokacin da na tuna alamun nan da ta share, ina jin ukun ma sun yi yawa. Har yanzu tana cikin wayata. A wannan makon na ba ta jerin darussa na awa biyar a saurin 1.25, ta ce awa huɗu, ni kuma na rubuta awa shida a jadawalina na takarda.